Haƙƙin Kifin Gwaji

A Rafin Guza, in dai maganar lambu ce, ba a koya wa kowa jira. Mai latas da kabeji a bakin kogin Kaduna ya san lokacin da iri ya isa dashe, ba ya cire shi don kawai kasuwa ta yi kyau. Amma da zarar an koma kiwon tarwada sai haƙurin ya ƙare. Magini ya gama kwamin siminti ranar Laraba, an cika shi da ruwa Alhamis, Asabar ga 'ya'yan kifi an kawo a jarka. Kwana kaɗan sai a tarar da su sun taso cikinsu a sama, mai kwami ya kwashe, ya ce haka Allah ya ƙaddara.

Masu ɗan taka-tsantsan kuma suna da wata dabara, wadda ita ce ta fi tsaya mini a rai. Ɗan ƙanwata ya faɗa mini ita ba tare da jin komai ba: "Kawu, guda goma kawai zan fara zubawa. In sun rayu, ruwa ya yi." To in ba su rayu ba fa? Wa ya ɗauki alhakin goman nan?

Na bi diddigin abin, sai na ga al'adar ba tamu ce mu kaɗai ba. A Turai da Amurka, masu ajiye kifin teku a akwatin gilashi don ƙawa sun daɗe suna yin haka. Sai a haɗa ruwan gishiri, kusan giram 35 a kowace lita kamar na teku, a jefa wani ɗan kifi mai taurin rai, wanda sau da yawa daga tekun Indunisiya ko Filifin aka kamo shi, a bar shi ya sha wahalar makonnin farko. Dalilin kuwa sananne ne. Kifi yana fitar da sinadarin amoniya a cikin ruwan da yake zaune, ragowar abinci ma in ya ruɓe haka yake yi, kuma amoniya guba ce. A tsohon ruwa akwai ƙwayoyin bakteriya maƙale a jikin duwatsu da bango da matacin ruwa. Wasu suna mayar da amoniya naitirait, wanda shi ma guba ne, yana hana jini ɗaukar iska har jinin kifin ya koma ruwan ƙasa. Wasu kuma suna mayar da naitirait naitiret, mai sauƙin illa, wanda ake ragewa da sauya ruwa. Wani masani ɗan daular Rasha, Sergei Winogradsky, shi ya fayyace aikin waɗannan ƙwayoyi wajen 1890. Sabon akwati ba shi da su yadda za su isa, kuma suna ɗaukar mako huɗu zuwa shida kafin su kafu, fiye da haka in da sanyi.

A kwamin siminti akwai ƙarin masifa. Sabon siminti yana sakin kaifinsa a ruwa, wannan kaifi yana ƙona fatar kifi, yana kuma ƙara wa amoniya dafi. Shi ya sa tsofaffin hannu suke cika kwami su bar shi ya jiƙu, wasu da busasshiyar ciyawa ko ɗan taki a buhu, su zubar, su wanke, su sake cikawa, har bangon ya yi kore.

Abin da ya ja hankalina shi ne, masu kifin ƙawa da yawa sun yi watsi da kifin gwaji. Suna ɗiga amoniya ta kwalba ko su jefa ɗan guntun jatan lande ya ruɓe, su riƙa aunawa. Sai amoniya da naitirait sun hau sun sauko sun koma sifili, naitiret ya bayyana, sannan a saka kifi ɗaya ko biyu, a ƙara sannu a hankali. Ba kalanda ke yanke ranar ba, ruwan ne. Ke nan an sami hanyar da ba sai wani rai ya wahala ba. In kuwa hanyar tana nan, da wace hujja za mu ci gaba da tsohuwar?

Wani zai ce ai kifi halal ne, gobe ma farfesu za a yi da shi. Gaskiya ne, ni ma ina ci. Amma halaccin ci daban, halaccin azabtarwa daban. Addinin da ya halatta yanka shi ne ya umarci a wasa wuƙa a hutar da dabba, kamar yadda ya zo a Sahihu Muslim. A Bukhari da Muslim kuma akwai labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Abin da na fahimta shi ne, laifin ya fara daga tsarewar. Tarwadar da ke kogi, in ruwa ya ɓaci tana iya ƙaura. Wadda ke kwami ba ta da inda za ta. Ranar da ka zuba ta, numfashinta ya koma wuyanka.

Tarwada kuma tana da wata baiwa da ta zame mata fitina a hannunmu: tana iya shaƙar iska kai tsaye, don haka takan rayu a ruwan da zai kashe karfasa cikin dare ɗaya. Ba ta kuka, ba ta ihu. Sai mu ɗauki rashin mutuwarta a matsayin lafiya, alhali goman nan suna iya tsira da jiki a ƙone, mu kuma mu zuba dubu a kansu, gubar ta ninka. Gwajin ko amfanin da ake nema ba ya bayarwa.

Batun ƙaddara kuwa, ina tsoron yadda muke jingina mata sakacinmu. Lokacin da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, ya juya da jama'arsa, ya kuma nuna wa masu ganin hakan gudun ƙaddara ne cewa juyawar ma tana cikin ƙaddarar Allah. Ƙwayoyin da ke gyara ruwa halittar Allah ce, lokacin da suke ɗauka Shi ya ɗiba musu. Wanda ya tsallake wannan lokaci bai fi wani tawakkali ba, ya ƙi bin tsarin da Mahaliccin ya shimfiɗa ne.

Na san nauyin da ke kan matashin da ya ranto kuɗin gini, kowane mako na jira bashi ne ke ƙaruwa, kayan awon ruwa kuma ba a kowane shago ake samu ba. Ban raina wannan ba. Amma ya fara jiƙa kwamin tun kafin ya biya kuɗin 'ya'yan kifi, ya roƙi ɗan tsohon mataci ko duwatsu daga kwamin maƙwabci mai lafiya, ya bar ruwan famfo ya kwana sinadarin kulorin ya fita, masu kiwo uku ko huɗu su haɗa kuɗi su sayi kayan awo ɗaya su riƙa karɓa-karɓa. Ɗan ƙanwata ya yarda zai jira mako biyu don simintin, na awon kuma har yanzu muna ja.