Ƙwallo Ko Zumunci?

A shekarar 2017 Plateau United ta ci kofin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, shekara 45 bayan da Mighty Jets ta kawo shi Jos a 1972. Murnar da aka yi a filin Rwang Pam ba laifi ba ce. Amma magidancin da ya bar ta'aziyyar maƙwabcinsa domin kallon wasa, me ya fifita? In wasan yau ya wuce shi, akwai wani mako mai zuwa. Mai makoki kuwa ba ya manta wanda ya zauna tare da shi. Zumunci a ƙafa yake. Ƙaunataccen mai karatu, je ka kallo, ka tafi da ɗanka ma, amma ka fara sauke hakkin iyali da na maƙwabta.