Jinin da ya daina bin lissafi: ta yi sallah ko ta jira?

A makarantun Islamiyya na matan aure, daga Kano har Maraɗi, akwai tambayar da ba a cika ɗaga hannu a yi ba. A 'yar takarda ake rubuta ta, a ninke, a miƙa wa malama bayan an tashi. Yawanci mai tambayar ta haura shekara 40. Tun tana budurwa al'adarta kwana shida ce, yanzu kuwa sai ta tsallake wata biyu, sannan ta ɓarke da gudaji har ta jiƙa zane. Abin da ke hana ta barci shi ne sallolin da take bari: da uzuri ta bar su, ko bashi ne a wuyanta?

Tambayar tsohuwa ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa Fatima 'yar Abu Hubaish ta kai wa Annabi (SAW) kukan jinin da ba ya ɗauke mata. Ya bayyana mata cewa jinin jijiya ne, ta bar sallah a kwanakin hailarta kawai, sannan ta yi tsarki ta ci gaba da ibada.

A kan wannan malaman Malikiyya suka gina lissafin da ake karantawa a zaure, daga Ahalari har Muhtasar na Halilu. Haila ba ta wuce kwana 15. Mace mai sananniyar al'ada za ta ƙara kwana uku a kan mafi tsawon kwanakinta: mai shida ta jira zuwa tara. In jinin ya zarce, ya zama na ciwo, sai ta yi wanka, ta yi sallah, ta ɗauki azumi. In yana zuwa yana ɗaukewa, ta harhaɗa kwanakin jinin, ta yi wanka duk ranar da ta ga tsarki. Game da wadda take tsakanin shekara 50 da 70, malaman sun ce a tambayi mata masana ko jininta haila ne. Fiƙihu da kansa ya yarda cewa hukunci yana buƙatar wanda ya san jikin mace.

A nan ne ake tsayawa rabin hanya. Malama ta ce jinin ciwo ne, mai tambaya ta samu natsuwa, amma ba wanda ya bi sawun ciwon.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yawancin mata suna daina al'ada tsakanin shekara 45 da 55. Kafin nan ƙwai yana daina fita kowane wata, bangon mahaifa ya yi ta kauri, ranar da zai zube ya zube da yawa. Sinadarin ƙarfe yana bin jinin ya fice. Shi ya sa uwar gida take haki daga ɗora tukunya, jiri ya kwashe ta in ta ɗago daga ruku'u, cikin fatar idonta ya yi fari. 'Yan gida su ce tsufa ne, wata ta ce sammu ne, ita kuma ta ce haƙuri ibada ne.

Haƙuri ibada ne, amma addinin da ya sauƙaƙa wa majinyaci ya sha azumi ya rama bai umarci mace ta zauna jini na tsiyaye mata ba. Gwajin jini yana nuna ko ya yi ƙasa, hoton ciki yana gano ƙarin mahaifa da ya yawaita ga matan Afirka, kuma akwai ƙwayoyin ƙarin jini da na rage zubarsa. Mijin da ciyarwa ta rataya a wuyansa shi ya fi cancanta ya fara cewa a tafi asibiti.

Littafi ɗaya da mace za ta riƙa rubuta ranar zuwan jini da ranar ɗaukewarsa zai yi wa malama da likita amfani baki ɗaya. Wadda kuwa ta cika wata 12 ba ta ga komai ba, sannan jini ya dawo ko da ɗigo ne, likitoci sun ce ta je a duba ta ba tare da jinkiri ba, domin sankarar mahaifa tana iya fara bayyana ta haka.