Jaririn Da Ba Namu Ba, Wa Zai Yi Jinyarsa?

Ya ku dattawa da samarin zango, muna so mu ɗora muku wata tambaya wadda ta daɗe tana damunmu a nan Utaibiyya. Idan jariri ya kwanta ciwo, iyayensa kuwa ba su da ko riyal guda, jinyarsa tana wuyan wa?

Ku tuna abin da ya faru a Maraɗi cikin shekarar 2005. Fari da fara suka ɓata amfanin gona, yunwa ta shiga gidaje, tamowa ta kama yara. Likitocin ƙungiyar Médecins Sans Frontières suka yi jinyar yara fiye da 60,000 a ƙasar Nijar a shekarar nan, ba su karɓi ko dala ba. Abin da suka yi ta ba su shi ne wani kwaɓin gyaɗa da madara da sukari da mai. Haka kuma a 2010, da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, su ne suka je suka zauna.

To, da aka kawo zancen nan a majalisa, wani ya ce, "Tun da akwai masu yi, ai an sauke mana nauyi." Wani kuma ya ce, "Kwana in ya ƙare, likita ba ya ƙara shi." Mu dai ba mu yarda da ko ɗaya ba. Mai maganar farko ya manta asibitin sadaka aron hannu ne, yau yana nan, gobe ya naɗe kaya. Mai ta biyu kuwa, shi da kansa in zazzaɓi ya kama shi ba ya jiran ajali, asibiti yake nufa.

Ku dubi Sayyidina Umar a Madina. Wata rana da dare ya ji kukan jariri, ya tambayi uwar. Ashe tana gaggawar yaye shi ne, don baitulmali ba ya yanka wa yaro rabo sai an yaye shi. Umar ya yi kuka, ya ba da umurni a yanka wa kowane yaro rabonsa tun ranar haihuwa. Watau ya gane kukan jaririn nan laifinsa ne, ba na uwar kaɗai ba.

Mun san dalilin da ya sa sadakar jariri take mana nauyi. In ka ba almajiri, zai yi maka addu'a. In ka gina masallaci, za a ambaci sunanka. Jariri kuwa bai san ka ba, ba zai gode maka ba. Don haka ne ma sadakarsa ta fi tsira daga riya.

Kada kuma mu hangi Maraɗi mu manta lungunanmu. Akwai uwar da ba ta da igama, tana tsoron fita da ɗanta har ciwo ya ci ƙarfinsa. Samari, ku raka ta wurin likita. Dattawa, ku buɗe asusu, kowane maigida ya jefa abin da ya sawwaƙa ran Jumma'a, a raba biyu, rabi nan, rabi gida. Kakanninmu sun ce ɗa na kowa ne; mu nuna ba a baki kaɗai muka gāji maganar ba.

Allah shi ba marasa lafiya sauƙi, amin. Wassalam.