Tukunyar da Na Ce Tana Yoyo

A gidanmu da ke zangon Tamale akwai wata babbar tukunya da muka gada daga kakarmu. Ba a fito da ita sai ranar suna ko biki, kuma rabin unguwa sun taɓa aronta. Watanni uku da suka wuce ɗan maƙwabciyarmu, Kirista ɗan ƙabilar Dagaba, ya yi sallama ya ce, "Yaya, a ba ni aron tukunya kwana biyu." Bai ɓoye mini komai ba. Pito yake so ya koyi dafawa, wato abin da muke kira burkutu, don sha'awa kawai, shi da abokansa. Har ya ƙara da cewa a Amurka mutane da yawa sun mai da dafa giya a gida abin nishaɗi tun da Jimmy Carter ya sa hannu a dokar da ta ba da izini a 1978.

Na ce masa tukunyar tana yoyo. Ba ta yoyo.

Abin da ya fara damuna shi ne yadda aikin nasa ya yi kama da na mahaifiyata. Zai jiƙa dawa, ya shimfiɗa ta ya rufe har ta yi tsiro, ya shanya, ya niƙa, ya tafasa. Tsiron ne ke mai da garin hatsi ya zama zaƙi, kuma masu kunun zaƙi ma sun san wannan dabara. Sai an zuba yis an bar shi ya kwana yana kumfa, sannan zaƙin ya juye ya zama abin da ke bugarwa. Ashe abin da za a yi a cikin tukunyata tafasa ce kawai. Sauran a bokitinsa za a yi. Na kwana ina ba kaina wannan uzuri, amma bai zauna mini ba, domin na san inda ruwan zai ƙare.

Malamai sun daɗe da tattauna irin wannan. Malikawa sun hana sayar da inabi ga wanda ka san giya zai matsa. An ruwaito Imamu Abu Hanifa ya sassauta, yana ganin laifin yana ga aikin mai saye. Hadisin da ya ambaci mutum goma kan giya kuwa bai tsaya ga mai sha ba, ya haɗa har da mai ɗaukarta. Ni dai na gamsu hanawa ce daidai a gare ni, kuma ko yau aka sake tambayata zan hana.

Ƙaryar ce ta tsaya mini a wuya. Ranar da mahaifina ya rasu, uwar yaron nan ce ta fara shigowa da itace a ka, ta zauna bakin murhu har dare tana juya abinci a cikin wannan tukunyar. Ɗanta ya zo mini da gaskiyarsa, ni mai zama gaban makirufo kullum safe ina yi wa mutane magana kan amana, na sallame shi da ƙage. Na guje wa wani laifi ta hanyar aikata wani da kowa ya yarda laifi ne. Kuma da na bincika zuciyata, kunya ce ta sa, ba tsoron Allah ba. Na ɗauka ba zai iya jin "addinina bai yarda ba" ya ci gaba da gaishe ni ba. Wannan ma raini ne, ko da ya zo a siffar kara.

Bayan mako biyu aka yi suna a layinmu, aka fito da tukunyar, ga ta cike da shinkafa a kan wuta. Ya wuce, ya dube ta, ya dube ni, ya gaishe ni kamar kullum. Da yamma na bi shi gida na gaya masa yadda abin yake. Uwarsa tana tsakar gida tana tsintar wake, ta ce, "Ai da ma na gaya masa kada ya tambaye ka, ɗana."

Shi kuwa bai ce komai ba. Har yanzu muna gaisawa, amma tun ranar bai sake zuwa aron ko tsani ba.