Matambayi Ba Ya Ɓata: To Wa Muke Tambaya Yanzu?

Ƴan'uwana ɗalibai, akwai wani tabo a ƙwaurina na dama, faɗinsa bai fi ƙwandalar dala ashirin ba. Salansar moto ce ta yi mini shi, kuma shi ne ya sa na ɗauki alƙalami.

A babban hutun da ya wuce na baro Maradi na iso Dakoro, cikin tsakiyar damina. Washegari ake sunan ɗiyar gwaggona a wani ɗan ƙauye cikin ƙasar Azagor, inda ban taɓa zuwa ba. Taubashina, ɗan kabu-kabu ne, ya ce shi ma bai san wurin ba, amma kar in damu, an turo mashi wurin ta waya. Ya ɗaure wayar a kan moto da roba, muka sha esansi, muka kama hanya bayan la'asar. Ido ɗaya bisa rairayi, ido ɗaya bisa wani ɗigo shuɗi da ke rarrafe cikin taswira.

Mun yi nisa muka iske wata rijiya, makiyaya na shayar da bisashe. Wani dattijo ya ɗaga muna hannu. Na taɓa kafaɗar taubashina, ya ce, “Bar su, taɗi za su ja mu da shi, ga hanya nan waya ta nuna.” Ko sallama ba mu yi ba, muka bar masu ƙura. Can gaba, inda wayar ta ce a miƙe, sai ga gonar hatsi ta cinye hanyar. Muka ratsa ta gefe, muna tattake shukar bawan Allah. Da muka gangara kwari, taubashina ya sunkuya ya ga ko ɗigon ya dawo bisa layi, bai ɗago ba sai cikin laka. Moto ta kwanta, ƙafata na ƙasa.

Da magariba muka dawo rijiyar nan, muna turin moto, ina ɗingishi. Dattijon yana nan. Ya ce, “Samari, ai da kunka wuce na ɗaga maku hannu. Ruwa ya kwanta a kwarin can tun shekaranjiya, ko raƙumi sai ya kewaya.” Muka ce, “Baba, ka yi muna gafara.” Bai ƙara ko kalma guda ta faɗa ba. Ya ba mu nono, ya wanke mini ƙunar, ya haɗa mu da jikansa ya raka mu har muka hango wutar garin.

Tun ranar nake tambayar kaina: laifin wa? Taubashina har yau cewa yake wayar ce ta yi ƙarya. Ni ina ganin ba ta yi ba. Mu ne muka tambaye ta abin da ba ta sani ba, muka ƙi tambayar wanda ya sani.

Abin da wayar ta sani

Bari mu ba na'urar haƙƙinta. Tsarin da ake kira GPS na sojan Amurka ne. Sun harba tauraron ɗan Adam na farko na tsarin a 1978, ya kammala aiki a 1995 da taurari 24 masu kewaya duniya a nisan kimanin kilomita 20,000. Kowane tauraro yana ta aiko da saƙo mai cewa ga inda nake, ga lokacin da agogona ya nuna. Wayarka na auna daɗewar da saƙon ya yi kafin ya iso, in ta samu taurari huɗu sai ta lissafa inda kake tsaye. Wannan lissafi ba ya bukatar rezo, shi ya sa ɗigon ke motsi ko a dajin da ba a iya kira. Yau Rasha na da nata tsari, GLONASS, Turai na da Galileo, Sin na da BeiDou.

Taurarin nan inda kake kawai suke faɗa maka. Hanyar kuwa, wato layin da ka ga an ja, taswira ce da wasu mutane suka zana, galibi daga hoton sama, watakila hoton rani, watakila na shekarun baya. A Maradi ko Yamai, inda titi ke zaune wuri guda, abin yana yi. A ƙasarmu hanya tafiya take. Tun 1961 doka ta shata iyakar noma daga arewa, amma kowa ya san gonaki sun daɗe da tsallake ta. Bana hanya, baɗi gona. Rairayi ya rufe wannan, amalanke ta buɗe waccan, ruwa ya kwanta a kwarin Tarka ya raba ƙauye da ƙauye. Wayar ta san wuri, amma ba ta san halin da hanya ta kwana ciki ba. Wannan sani yana bakin wanda ya bi ta da safe.

Ido amana ne

Tambaya ta farko ta ɗabi'a mai sauƙi ce: idon mai tuƙi na wane ne? Muna cewa “idona”, amma daga lokacin da mutum ya hau bayanka, ya biya ka ko bai biya ba, idon nan ya zama amana. Na fasinja ne, na yaron da zai fito da gudu daga bayan darni ne, na akuyar tsohuwa ne.

Ku yi lissafin da kanku. Moto mai gudun kilomita 60 a awa, kamar yadda ake yi bisa kwaltar Dakoro zuwa Maradi, tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Duban waya na daƙiƙa 3, mita 50 ke nan, kusan rabin filin ƙwallo, ka yi su kamar makaho. Da wani zai ce ka rufe ido ka yi wannan tafiya da ƙanwarka a baya, wallahi sai ka zage shi. Amma in waya ce ta ce, sai mu kira shi wayewa. Mai mota yana da ƙarfe kewaye da shi, mai moto jikinsa ne bodi, mu kuwa ko hular kwano ba mu damu da ita ba.

In abu ya faru sai mu ce ƙaddara. Ƙaddara gaskiya ce, amma ba a ɓoye sakaci a bayanta. Kuma wayar ba ta ɗaukar alhaki. Ba za a kai ta gaban mai gari ba saboda hatsin da muka tattake, ba za ta je gaisuwar mutuwa ba. Wanda ya riƙe kan moto shi ke riƙe da alhaki, ko wa ya nuna mashi hanya.

Abin da ke cikin tambayar hanya

Tambaya ta biyu ita ta fi damuna. Da Bahaushe ya ce matambayi ba ya ɓata, ina ganin ba maganar gabas da yamma kaɗai yake ba. Ku duba yadda ake tambayar hanya a wurinmu. Sai ka tsaya, ka kashe moto, ka yi sallama, ka tambayi gajiya da iyali da bisashe. A tambaye ka ɗan wa ne, ina za ka. Sannan a ce ka bi ta gabas da gawon can, kar ka bi ta kwari. Taubashina ya kira wannan ɓata lokaci. Amma cikin minti biyar ɗin nan abu uku sun faru: ka samu labarin yau, ka ƙasƙantar da kai gaban wanda ya fi ka sanin wurin, kuma yanzu akwai mutum a duniya da ya san ka wuce nan da la'asar. In ba ka isa ba, an san inda za a fara nema.

Waya ta zo ta ce muna ba ma bukatar kowa. Wannan shi ne daɗinta, kuma a nan ne take cutar da mu. Mu ƴan makaranta abin ya fi kama mu, don dama muna da wata ƴar cuta ta ganin duk wanda bai zauna aji ba bai san kome ba. Dattijon rijiya bai san sunan tauraron ɗan Adam ko guda ba, amma ya san inda ruwa ya kwanta shekaranjiya. A ranar, wane ne mai ilmi tsakaninmu?

Shi kansa sanin hanya ilmi ne da ke ginuwa cikin kai. Madugun da ke jan ayarin gishiri daga Abzin zuwa Fachi da Bilma yana ratsa Tenere da taurari da rana da yanayin rairayi, kuma shekaru ya yi yana bin wani kafin a bi shi. A Landan ma, direban tasi sai ya yi shekaru yana haddace titunan birnin kafin a ba shi izini. A 2000 wata mai bincike, Eleanor Maguire, ta nuna cewa sashen ƙwaƙwalwa mai riƙe wurare ya fi girma a wurin direbobin nan. Abin da ake aiki da shi yana ƙaruwa, abin da aka bari yana lalacewa. Ni kaina na je ƙauyen gwaggona, amma ɓangaren da muka bi da waya ba zan iya maimaita shi ba. Wanda yaron nan ya raka mu, yana cewa ga tsohuwar rijiya, ga aduwa biyu, har yau yana kaina.

Sannan mu tuna kayan aro ba ya rufe katara. Har zuwa watan Mayu na 2000, masu GPS da gangan suke rage ma farar hula daidaitonsa, kuskuren ya kai kimanin mita 100. Abin yana da mai shi. Ko ba wannan ba, batir na mutuwa, gilashi na fashewa, zafin rana na kashe waya.

To a jefar da wayar?

Na san wani zai ce, “Kai malam, so kake mu koma zamanin jaki?” A'a. Wanda motonsa ta mutu cikin daji da dare, ya samu ɗan rezo ya tura ma ƴan'uwansa inda yake ta WhatsApp, wayar ta cece shi. Akwai wurin da za ka yi awa ba ka ga mutum ba. Akwai kuma lokacin da tsayawa gaban baƙuwar fuska ba hikima ba ce, duk mun san halin tsaro. Mutum ma yana kuskure: sau nawa aka ce maka “nan kusa ne” ka yi rabin yini? Waya ba ta gajiya, ba ta jin kunyar da ke sa mutum ya nuna maka hanyar da bai sani ba.

Don haka maganata ba ta zaɓi tsakanin waya da mutum ba ce. Maganar matsayi ce: wa ke gaba, wa ke baya. Waya bara ce mai kyau, amma ba a naɗa ta madugu. Ga abin da na ɗaukar ma kaina, wanda ya ga ya yi mashi ya ɗauka. In duba taswira tun kafin in tashi, in riƙe sunayen garuruwan da zan ratsa. In zan sake dubawa, in tsaya, ƙafa a ƙasa, sannu ba ta hana zuwa. In mu biyu ne, na baya ya riƙe wayar. Inda duk na iske mutane a rijiya ko bakin gari, in yi sallama in tambaya, ko da ina ganin na sani. In kuma waya ta ce miƙe, gona ta ce a'a, gona ce da gaskiya.

Mun isa ƙauyen gwaggo bayan isha'i, an raɗa suna da safe muna nan. Da za mu koma, taubashina ya sayi sukari da ganyen shayi, muka biya ta rijiyar. Wannan karon tun daga nesa ya kashe moto.