Safar da Ba Ta da Yatsu

Sanyin Funtuwa ba ya sallama kafin ya shigo. Wata safiya cikin Disamba sai ka buɗe ƙofa ka tarar hazo ya haɗiye darbejiyar ƙofar gida, ruwan randa ya koma kamar na firji, leɓe ya tsage kafin ka gama amsa gaisuwar maƙwabci. Ƙurar nan da ke kwanciya kan akushi da shimfiɗa doguwar tafiya ta sha. Mafi yawanta daga kwarin Bodele na arewacin Chadi iska ke kwaso ta, inda a zamanin da ruwan tafki ya kwanta, ya ƙafe ya bar gari kamar alli. A gidanmu dai, hannun Inna iskar ke fara nema.

Inna ta haura shekara 70. Da hunturu ya kankama, yatsunta kan ƙage da asuba, har ɗaurin zani ya zame mata aiki. Jiki ne ke rowa: idan sanyi ya matsa masa, sai ya tsuke ƙananan jijiyoyin jini na yatsu da kunne da hanci, ya tattara ɗumi can ciki wajen zuciya da hanta, don ya riƙe zafinsa kusa da digiri 37. Yatsu su ne talakawan jiki, su ake fara yanke wa kaso idan abu ya yi ƙaranci. Ga kuma ciwon gaɓɓai da shekaru suka kawo.

Na je wajen 'yan gwanjo na sayo mata safar hannu mai kauri, irin ta 'yan acaɓa. Ta zura, ta ɗauki carbinta, ƙwaya ta ƙi tafiya. Ta gwada kunce bakin zani inda take ƙulle goro da canji, abin ya gagara. Ta tuɓe ta ajiye a bakin gado.

"Ke, wannan ai mari kika sa mini a hannu."

Gaskiyarta. Abin da take buƙata safa ce mai rufe wuyan hannu da tafi da baya, ta tsaya a gindin yatsu, a bar wa babban yatsa ƙofarsa. Ban ga irinta a kasuwa ba. Sai na zaro tsinkayen saƙata daga ƙasan akwati, waɗanda rabona da su tun goyon autana, lokacin da nake saƙa hular jarirai da 'yan takalma.

Zaren nan ulu muke ce masa, amma da wuya ka sami gashin tunkiya a ciki. Tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su irin na akuya, ba a yi musu aski don a kaɗa zare. Wanda ke cika kasuwa daga sinadaran man fetur ake yin sa. Kusanta shi da wuta ka gani, narkewa yake ya dunƙule kamar leda, shi ya sa tun kafin in fara na ƙudurta zan ja wa Inna kunne game da kaskon gawayinta. Kuma zare ba shi da zafin kansa. Iska yake tsarewa cikin 'yan ramukan saƙa, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta saurin fitar da zafi, sai ɗumin mutum ya tsaya inda yake. Wato safa ba za ta ƙara wa Inna komai ba. Abin da take da shi za ta hana ya tsere.

Mutane da yawa na ɗauka saƙar tsinke biyu Turawa suka ƙago ta, ni ma da haka na ɗauka. Ashe mafi tsufan saƙa irin wannan da aka tono a Masar aka same ta, safunan ƙafa ne na auduga, fari da shuɗi, tun wajen ƙarni na 11. Injin saƙa kuwa wani Bature ne a Ingila, William Lee, ya ƙera na farko a 1589. Sama da shekara 400 ke nan inji na saƙa, amma har yau bai san kaurin wuyan hannun Inna ba. Ni na sani, da ɗan guntun zare na auna tana ta mita.

Na ɗora zarge 36 a tsinke. Duk ado da ka gani a jikin suwaita, ɗauka iri biyu ce ta haife shi: ko ka zaro zaren ta gaba, ko ka zaro shi ta baya. Biyu gaba, biyu baya, biyu gaba, biyu baya, shi ke ba da wuyan nan mai kama da kunyoyin gona, wanda ke buɗewa hannu ya wuce sannan ya koma ya kama. Layi 40 ya ishi hannu ɗaya. In ka buga lissafi, zarge 1,440 ke nan, hannu biyu 2,880, kuma babu ɗaya da bai bi ta kan yatsana ba. Daga nan sai a ninke, a ɗinke gefe da allura, a tsallake wurin babban yatsa.

Ta farko dare uku ta ɗauke ni, bayan sallar isha'i, ga fitila mai caji, ga rediyo na ta surutunsa ƙasa-ƙasa. Ta fito laushi ƙalau. Ta biyu kuwa ta faɗo cikin makon da kuɗin makarantar yara ya taso, wanda nake bi bashi kuma ya daina ɗaukar waya. Hannu na saƙa, zuciya na tata saƙar. Da na gama na jera su a kan tabarma, sai ga ta biyu ta gaza 'yar'uwarta da kusan faɗin yatsa. Na ƙirga, lissafi daidai, zarge 36, layi 40. Matse zaren na yi ta yi ban sani ba. Fuska ta iya ɓoye damuwa, ta ce wa kowa lafiya lau, amma zare ya tona ni.

Ba yadda na iya, sai warwara. Na zare tsinke, na ja bakin zare, aikin dare uku ya zube cikin minti biyar, zaren ya fito a lanƙwashe kamar taliyar yara. Saƙar masaƙi ba ta warwaruwa haka, don can zare biyu ne ke gitta juna, na tsaye da na kwance. Tamu zare ɗaya ne tal daga farko har ƙarshe, kowane zarge na rataye a wuyan ɗan'uwansa. Ranar na ƙara fahimtar abin da Bahaushe ke nufi idan ya ce wane ya kwana yana saƙa da warwara. Ban sake ɗora ta ba sai da na bar zuciya ta huce.

Da na kai wa Inna, ta juya su gaba da baya, ta zura, ta motsa yatsu. Ta ce, "Launin ya yi duhu."

Shi ke nan. Ni ce 'yar farinta. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba, "ke" ce ko "waccan", balle ta dube ni ta ce an gode. Na san al'ada, na san alkunya, amma duk da haka abin ya sosa mini rai. Dare tara na ido da wuya, a ce launin ya yi duhu!

Sai da aka kwana huɗu na lura da wani abu, kuma kunne ne ya fara lura. Ɗakinta na jikin nawa. Da can, da asuba, abin da nake fara ji shi ne "wash, hannun nan," sai hura iska a tafi, sai murza yatsu. Yanzu ba komai sai ƙas-ƙas ɗin carbi, ƙwaya na bin ƙwaya. Rannan har ta ɗaga buta za ta yi alwalar azahar kafin ta tuna da safa a hannunta. Ta manta da safar, don ta manta da hannun.

Abin da ya yi aikinsa sosai ɓacewa yake daga tunani. Haƙorin da ba ya ciwo, wa ya san da zamansa? Mai ƙaya a ƙafa duk hankalinsa na ƙafar, ranar da aka cire kuma sai ya kama zancen farashin masara. Na zauna ina jiran godiya ta baki, alhali shirun nan na asuba shi ne shaidar aiki ya yi.

Daga nan sai tunanin ya juyo kaina, kuma bai zo da daɗi ba. Kullum na fito da asuba nakan tarar da ruwan ɗumi a buta a bakin ƙofata. Tun shigowar sanyi haka yake, har na mai da shi kamar fitowar rana. Ruwa kuwa ba ya ɗumama kansa. 'Yata ce ta biyu ke riga kowa tashi, ta fita tsakar gida cikin jaura, ta hura wuta da itacen da sanyi ya sa ya ƙi kamawa, hayaƙi na cika mata ido. Ban taɓa ce mata sannu ba. Ni da nake ƙorafin Inna, ga ni ina yi wa wata abin da ya fi haka, kuma ni ba ni da hujjar alkunya, don ba ita ce ta fari ba. Washegari na fita na same ta durƙushe gaban murhu, ta cusa hannu ɗaya a hammata. Na ce, "Sannu, Allah ya yi miki albarka." Ta ɗago tana dubana kamar ta yi wani laifi.

Tun ranar nake tsintar irin waɗannan a hanyata. Gwangwanin man kaɗanya da ba ya ƙarewa don wata na cika shi. Idon da har yanzu yake gane baƙin zare da dare ba tabarau. Yatsun nan goma da ke lanƙwasuwa duk sanda na ce su lanƙwasu, waɗanda sai da na ga na Inna sun ƙi sannan na san ashe aro ne. Alhamdulillahi da nake faɗa a guje in an ce ya sanyi, yanzu takan ɗan tsaya a bakina.

Akwai almajirin da ke ɗebo mana ruwa, yaro ne da bai wuce shekara 10 ba. Da sassafe shi da sauran almajirai sukan taru a bakin layi su ƙona kara da ledoji suna jin ɗumi, bayan hannunsa duk ya yi kaushi ya tsattsage. Ranar Juma'a ina ɗaki na ji Inna na magana da ƙanwata a tsakar gida, da murya daidai yadda za ta iso inda nake.

"Ki ce wa waccan, in zaren ya yi saura, ga yaron nan."

Zaren bai yi saura ba, amma ban faɗa ba. Na aiki 'yata kasuwa ta sayo dunƙule biyu, na ce ta zaɓi launin da take so, don ɗayan nata ne. Da yaron ya sauke jarka na kira shi, na ce miƙo hannunka. Ya ɓoye shi a baya, ya ɗauka duka ne. Sai da Inna ta ɗaga nata ta nuna masa sannan ya miƙo, na zagaya zare a wuyan hannun. Zarge 28 zai ishe shi.