Halittar da ba ta amfane ka ba, tana da haƙƙi a kanka?

'Yan uwa, a dajin tsaunin Sorata da ke arewacin Madagaska akwai wata 'yar mitsitsiyar hawainiya da masana suka raɗa wa suna Brookesia nana a 2021. Namijin, har da wutsiyarsa, bai wuce milimita 22 ba, zai zauna daram a kan yatsanka. Biyu kacal suka samu, mace da namiji. Dajin kuma yana shan sara.

Wani zai ce, to sai me? Ba nama, ba nono. Kuma manomin da ke sharar dajin don ciyar da iyalinsa, yunwarsa gaskiya ce, kada mu raina ta.

Amma wa ya ce darajar halitta sai ta amfane mu? Tun ba mu san da ita ba Allah ke ciyar da ita. Mace ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare. Ƙasa amana ce a hannunmu, ba ganima ba. Saran larura daban, saran haɗama daban, kuma kowa ya san wanne yake yi.

Mun saba cewa hawainiya ta kiyayi ramarmu. To mu ma mu kiyayi tata.

Allah Ya sa mu riƙe amana.